Wa ya gina cocin kan tudun Akropong?

Shekara 12 ana aiki, an tura mutum 9, an binne 8, kuma ko mutum ɗaya bai karɓi addinin ba. Lissafin da Andreas Riis ya koma da shi birnin Basel na ƙasar Suwizalan ke nan a 1840. Duk ɗan kasuwar da yaronsa ya kawo masa irin wannan lissafi, kulle shagon zai yi ya nemi wata sana'a, kuma shugabannin Mishan ɗin Basel sun kai gab da yin haka. Sai ga shi yau ɗan cocin da aka fara a garin Akropong, kan tuddan Akuapem da ke arewa da Akra, shi ne tushen Cocin Furesbiteriyan na Ghana baki ɗaya, mai makarantu birjik, da asibitoci irin na Agogo, har da jami'a.

Idan an tashi ba da wannan tarihi, da Riis ake buɗewa, sau da yawa kuma da shi ake rufewa. Ni a ganina an yi son kai wajen rabon yabo. Riis ya share fili, wannan ba mai ƙwace masa. Amma waɗanda suka sa cocin ya zauna da gindinsa baƙaƙen fata ne, wasu daga tsibirin Jamaika, wasu 'yan garin, kuma da wuya ka ji an ambaci sunayensu a wajen Ghana.

Abin da ya kai mishan kan tudu ba wani zurfin tunani ba ne, gudun mutuwa ne. Turawan Basel huɗu na farko sun sauka a Osu, inda Danmak ke da ganuwarta ta Christiansborg, a watan Disamba na 1828. Uku sun mutu a 1829, na huɗun a 1831. A 1832 aka sake turo uku, cikinsu har da likita, kuma likitan ne ya fara tafiya, cikin 'yan makonni. Na biyu ya bi shi. Riis ma ya kwanta rai a hannun Allah, wani mai maganin gargajiya na ƙasar ne ya tashe shi. A lokacin ba wanda ya san sauro ne ke kawo zazzaɓin, sai a 1897 Ronald Ross ya tabbatar da haka. Abin da suka lura da shi kawai shi ne bakin teku na cin Turawa, kan tudu kuwa da sauƙi. Akropong na da nisan kilomita 50 ko kusa da haka daga Akra, a bisa doron tudu mai tsayin sama da mita 400, inda iska ke da sanyi kuma hazo kan rufe gari da sassafe. A 1835 Riis ya hau can, sarkin Akuapem Nana Addo Dankwa ya karɓe shi, ya ba shi wurin zama. Ya gina gida da hannunsa, har mutanen gari suka sa masa suna Osiadan, mai gini. Ginin ya burge su. Wa'azin ne dai ba wanda ya saya.

Akwai labarin da ake bayarwa a cocin har gobe, cewa da Riis zai tafi, sarki ya ce masa Allah ya ba Bature littafi, ya ba baƙar fata abin bautarsa, amma in za a nuna musu baƙar fatar da ke karanta littafin Bature, to za su bi. Ko da bakin sarki aka faɗa ko daga baya aka gyara zancen, abin da Basel ta yi ya nuna ta fahimci matsalar. Ta tura Riis Jamaika ya nemo Kiristoci baƙaƙe. Shekara huɗu kacal ke nan da kammala 'yanta bayi a tsibirin, domin sai a 1838 aka sake su gaba ɗaya. Daga cikin mabiya Cocin Morabiya aka sami mutum 24 'yan Jamaika da ɗaya daga Antigua, iyalai shida da samari uku, suka yarda da yarjejeniyar shekara biyar. Sun shiga jirgin ruwa mai suna Joseph Anderson a Fabrairun 1843, suka sauka Osu a Afrilu, suka hau Akropong a watan Yuni.

A tsaya a dubi waɗannan mutane da kyau. Daga wannan gaɓar teku aka kwashi bayi masu yawan gaske aka kai Jamaika, har can ana kiran wasunsu da sunan garin Kormantin. Ga 'ya'yan bayi da jikokinsu, ba su daɗe da samun 'yanci ba, sun ɗauki mata da ƙananan yara sun tsallako tekun da aka tsallaka da kakanninsu a ɗaure. Ba su jin Twi, harshen garin, Ingilishi suke yi. Sun tarar gidan da Riis ya bari ya lalace, sai suka fasa dutse suka yi gini, suka share gona suka shuka abin da suka zo da shi. A Ghana ana danganta yaɗuwar mangwaro da wani nau'in gwaza da zuwansu. Da safe su yi addu'a, da rana su yi noma da sassaƙa da koyarwa, a gaban idon mutanen da ba su taɓa ganin Kirista mai irin fatarsu yana zaman iyali ba. Wa'azin da ya ci gari ke nan, ba na bisa mumbari ba. John Hall, ɗaya daga cikinsu, shi ne ya zama dattijon coci na farko a Akropong. Alexander Worthy Clerk ya zama malamin makaranta. Catherine Mulgrave, wadda aka sato daga Angola tana yarinya ta tashi a Jamaika, ta kama koyar da 'yan mata a Osu.

Shi kuwa Riis, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ya takura wa mutanen da ya roƙo suka biyo shi, ƙorafi ya yi yawa a kan zafin hannunsa, an zarge shi da cinikin bindigogi da albarushi, kuma ya sayi bayi don aikin gona. Basel ta kira shi gida a 1845, bai sake dawowa ba. Baftisma ta farko ta 'yan garin Akropong an yi ta ne ranar Kirsimeti ta 1847, Riis na Turai. Wannan kaɗai ya isa a sake duba yadda ake jera sunaye. Da wa'adin shekara biyar ya cika, wasu 'yan Jamaikan sun koma, wasu kuma, irin su Hall da Clerk, suka zauna har ƙasar ta rufe musu ido.

Cikin waɗanda aka yi wa baftisma a 1847 akwai wani yaro ɗan gidan sarauta, David Asante. Shekara ɗaya bayan haka, a 1848, aka buɗe makarantar horar da malamai da masu wa'azi a Akropong da ɗalibai 'yan ƙalilan, Asante na cikinsu. A duk Afirka ta Yamma, Fourah Bay ta Saliyo ce kaɗai ta girme ta a irin wannan mataki, kuma tana nan tana aiki a matsayin kwalejin ilimi. Daga baya aka tura Asante Basel, ya yi karatu daga 1857 zuwa 1862. Ɗan'uwansa Theophilus Opoku, shi ma jinin sarauta, aka naɗa shi fasto a 1872, ɗan ƙasa na farko da Mishan ɗin Basel ta naɗa a can gida.

Inda na fi ganin hannun waɗannan biyu shi ne harshe. Basel ta tsaya kai da fata cewa da harshen uwa za a yi karatu da ibada, duk da cewa iyaye da yawa a bakin teku Ingilishi suke so, domin shi ke kai yaro ga aikin kanti da ofis. Johann Gottlieb Christaller, Bajamushe, ya iso a 1853 da wannan aiki. Littafi Mai Tsarki cikakke ya fito da Twi a 1871, nahawu a 1875, tarin karin magana 3,600 a 1879, ƙamus a 1881. Aiki ne na a sara masa, har yau masana Twi ba su ajiye ƙamus ɗin ba. To amma karin magana 3,600 ba a ɗakin karatu ake tsinto su ba. Sai an zauna da tsofaffi, sai da wanda ya tashi a fada ya san yadda mai magana da yawun sarki ke juya zance, ya san kalmar da ta dace da bakin babba da wadda ba ta dace ba. Asante da Opoku da abokansu su ne suka yi ta zama da Christaller suna tankaɗe da rairaya, jimla bayan jimla. Sunansa ne a bangon littafin, kunnensu ne a cikinsa. Saboda a Akropong aka yi aikin, karin harshen Akuapem ne ya zama Twi na rubutu na tsawon zamani, ko da yake mutanen masarautar Asante sun fi su yawa da ƙarfi nesa ba kusa ba.

Mu ma mun san irin wannan rabo. James Frederick Schön, wanda ya fitar da nahawun Hausa a 1862 da ƙamus a 1876, a makarantar Basel ya fara samun horo kafin ya shiga mishan ɗin Ingila, kuma Hausar da ya rubuta mafi yawanta daga bakin Dorugu ya ɗebo ta, yaron da Baturen matafiyi Barth ya tafi da shi Turai. Bambancin shi ne Hausa ta riga ta daɗe da ajaminta da malamanta kafin zuwan Schön, Twi kuwa a wannan ɗan gari na kan tudu ta zama harshen littafi.

Akwai ma wata mahaɗa da ta fi wannan kusa. A 1877 Opoku ya taka har Salaga, babbar kasuwar Gwanja, inda ayarin fatake daga Kano da sauran ƙasar Hausa ke sauke kanwa da tufafi da kayan fata su ɗauki goro. Ya rubuta labarin tafiyarsa da Twi, kuma masu binciken tarihin Salaga na amfani da shi har yanzu. Ba duk abin da ya gani ne zai yi mana daɗin ji ba, domin ya ga kasuwar bayi, ya kuma rubuta ta yadda ya gan ta. Amma abin lura ne cewa ɗaya daga cikin shaidun gani da ido kan garin da kakanninmu suka yi fatauci ya fito ne daga alƙalamin ɗalibin Akropong.

Ko koko, wanda ya zama arzikin Ghana, labarinsa ya bi wannan salo. Turawan mishan sun gwada shuka shi a gonarsu ta Akropong tun ƙarshen shekarun 1850, ƙwari da rashin sa'a suka hana abin tasiri. Tetteh Quarshie, maƙerin da ya koyi sana'a a ma'aikatar mishan ɗin, shi ya dawo da iri daga tsibirin Fernando Po ya shuka a Mampong, 'yar tafiya kaɗan daga Akropong, a 1879. Manoman Akuapem suka karɓa, suka gangara dazuzzukan Akyem suna sayen ƙasa suna dasawa da kuɗinsu da dabararsu, zuwa 1911 ƙasar ta zama ta ɗaya a duniya wajen fitar da koko. Baturiyar da ta bi diddigin waɗannan manoma ta nuna cewa su suka yi abinsu ba gwamnati ba, Polly Hill, ita ce daga baya ta zo ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina ta yi nazarin manoman Hausa.

Kada a ɗauka labarin duk zuma ne. Tsarin Basel shi ne duk wanda ya tuba ya tashi daga gidan danginsa ya koma unguwar Kiristoci da ake kira Salem. A can akwai layuka miƙaƙƙu, da gidajen dutse, da ƙararrawa mai tsara lokacin tashi da na addu'a da na makaranta, da dokoki kan aure da biki da makoki. Wanda ya san yadda Wusasa ta tashi a wajen ganuwar Zariya zai gane hoton, sai dai a Akuapem abin ya fi tsanani, domin gari ɗaya ne aka tsaga biyu, uwa a wannan ɓangare, ɗa a wancan. Mutumin Salem ba ya zuwa bikin Odwira, ba ya kusantar gangunan fada, kuma sau da yawa ya fi jin maganar fasto a kan ta sarki. Sarakuna sun ga ana zare musu talakawa ɗaya bayan ɗaya, kuma ba su yi kuskuren gani ba. A Kyebi, ta ƙasar Akyem, rikicin ya fito fili a 1877, lokacin da David Asante ya yi ta ƙarfafa bayin fada su karɓi baftisma su kama gabansu, bisa dokar hana bauta da Ingila ta kafa a 1874. Sarki Amoako Atta ya nemi a fitar masa da shi daga ƙasarsa, mishan ta ɗauke shi, shi kuma sarkin, Turawan mulki suka kai shi zaman gudun hijira Legas a 1880. A batun bayi gaskiya na wajen Asante. A batun raba mutum da danginsa kuwa, ban ga abin da zai wanke tsarin Salem ba, kuma 'yan ƙasa da suka riƙe shi da hannu bibbiyu suna da nasu kason na laifin.

Duk wannan hidima da baƙaƙe ke yi, yanke shawara na hannun kwamitin da ke zaune a Basel. Kwamitin nan har auren ma'aikatansa Turawa sai da izininsa, shi ya sa aka yi ta kai ruwa rana da Johannes Zimmermann, mai fassara Littafi Mai Tsarki zuwa harshen Ga, lokacin da ya auri Catherine Mulgrave a 1851 ba tare da ya tambaya ba. Fastocin ƙasa na wa'azi, suna buɗe sababbin tashoshi a daji, amma kuɗi da mulki ba a sakar musu ba. Kusan shekara 90 aka yi a haka.

Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Ana cikin Yaƙin Duniya na Ɗaya, a ƙarshen 1917 da farkon 1918, Ingila ta kwashe ma'aikatan Basel daga ƙasar saboda yawancinsu Jamusawa ne. Makarantu da majami'u suka wayi gari ba Bature ko ɗaya. Ba su rufe ba. Malamai suka ci gaba da shiga aji, fastoci da dattawa suka ci gaba da tara jama'a ranar Lahadi. Gwamnati ta gayyato mishan ɗin Sikotilan, aka turo A. W. Wilkie daga Kalaba, shi kuwa ya zo da tsarin cocinsu, wanda ba bishop a cikinsa, majalisar fastoci da zaɓaɓɓun dattawa ke mulki tun daga ƙaramin coci har zuwa babban taro na ƙasa. A watan Agusta na 1918 aka yi babban taron farko a Akropong. Wanda aka zaɓa shugaba shi ne Peter Hall, ɗan John Hall. Wanda aka zaɓa magatakarda shi ne Nicholas Timothy Clerk, ɗan Alexander Worthy Clerk, kuma ya riƙe muƙamin har 1932. 'Ya'yan mutanen jirgin 1843 ke nan. Sunan Furesbiteriyan ma sai a 1926 aka ɗauke shi, bayan cocin ya haura shekara 90 a kan tudun. Wato waɗanda suka fara aikin Jamusawa da 'yan Danmak da 'yan Suwizalan ne, waɗanda suka raya shi 'yan Morabiya ne daga Jamaika, sunan kuma daga Sikotilan ya zo a ƙarshe. Abin da bai canza ba tun 1843 shi ne jama'ar da ke cika benci da malaman da ke riƙe alli.

Za a iya ce mini, in ba don taurin kan Riis ba da ba a kai ga Jamaika ba, kuma in ba don kuɗin talakawan kudancin Jamus da ke tara sadaka ba da ba a buga ko shafi ɗaya na Twi ba. Haka ne. Mutum 8 da suka mutu kafin 1840 ma ba wasa suka zo yi ba, samari ne da suka san abin da ya sami na gabansu suka kuma taho. Ba cewa nake a goge sunansu ba. Cewa nake aikin da ya yi shekara 12 bai motsa ba, ya motsa cikin shekara huɗu da zuwan wasu mutane, ya kuma tsaya da ƙafarsa ranar da aka kwashe Turawa, to ai an san inda ƙarfinsa yake.

Sai dai wanda aka ba yabon gini, shi za a tambaya in bango ya tsage. Bayan mulki ya dawo hannun 'yan ƙasa, wani malamin kiɗa a kwalejin Akropong, Ephraim Amu, mutumin Peki, ya fara tsara waƙoƙin ibada da salon gargajiya yana koya wa ɗalibai kiɗan ganga. A 1931 ya hau mumbarin cocin Akropong ba kwat ba taye, ya yafa zane irin na mazan ƙasar, an ɗora shi bisa kafaɗar hagu, ta dama a buɗe. Shigar da kowane dattijo ke yi in zai je gaban sarki ke nan. Shugabannin cocin, waɗanda yawancinsu baƙaƙe ne da suka tashi a Salem, suka ce bai dace da wurin ibada ba, suka ba shi zaɓi, ko ya daina ko ya bar aiki. Ya ƙi dainawa. A 1934 ya koma koyarwa a makarantar Achimota. Cocin da ya yi fice wajen girmama harshen mutane ya kasa jure ganin tufafinsu da gangarsu, kuma wannan karon ba za a ɗora wa kwamitin Basel ba.

Amu ne ya yi gaskiya, cocin ne ya yi kuskure, kuma zamani ya raba gardamar. Yau ana kaɗa ganga a majami'un Furesbiteriyan na Ghana, maza na zuwa ibada da zanensu a kafaɗa ba mai ɗaga ido. A Akropong ɗin kanta akwai cibiyar nazari da Kwame Bediako ya jagoranci kafawa a 1987, aikinta binciken addini da al'adun Afirka cikin harsunan Afirka, an kuma haɗa mata suna biyu, na Christaller da na Clement Anderson Akrofi, ɗan ƙasar da ya jagoranci sabunta fassarar Twi, sunan Akrofi ne ma a gaba. Amu ya rasu a 1995. A 2002 Babban Bankin Ghana ya sa hotonsa a kan takardar kuɗi ta sidi 20,000.